AMMA 2006: Shekarar da masana suka bi hadarin damina har can ƙololuwar sama

Manomin Bakura da ke jiran ruwan shuka da ɗan kasuwar hatsi a Talata Mafara, duk gabas suke duba idan damina ta kusa. Sai dai hadarin da suke hange ba a nan ƙasa kaɗai ake yanke hukuncinsa ba. Iskokin da ke haɗa shi, su tura shi ko su watsa shi, suna kaɗawa ne a nisan kilomita da dama a sama. Don auna waɗannan iskoki aka gudanar da ɗaya daga cikin manyan binciken yanayi da aka taɓa yi a Afirka ta Yamma, wanda ya kai ganiyarsa a shekarar 2006.

Mene ne AMMA?

Sunan ba shi da dangantaka da kalmar “amma” ta Hausa. Taƙaitaccen suna ne na wani shirin nazarin damina ta Afirka ta Yamma, wanda masanan Faransa suka kirkiro, daga baya na Birtaniya da Jamus da Amurka da ƙasashen Afirka suka shigo.

Abin da ya tayar da shi shi ne farin da ya addabi yankin Sahel a shekarun 1970 da 1980, musamman na 1973 da 1984. Har bayan shekaru, kwamfutocin hasashen yanayi ba sa iya faɗin lokacin saukar damina a yankin yadda ya kamata. Babban dalili kuwa shi ne ƙarancin awo: tashoshin da ke sakin balan-balan ɗauke da na'urar auna iska kaɗan ne, wasu ma sun daina aiki. Tauraron ɗan'adam yana hango gajimare daga nesa, amma dole a samu wanda zai shiga cikin iskar ya tabbatar da abin da aka hango.

Sama hawa-hawa ce

Masana sun kasa iskar da ta lulluɓe duniya hawa-hawa kamar bene. Hawa na farko, inda ake hadari da ruwa da hazo, yana kaiwa kimanin kilomita 16 zuwa 17 a yankinmu, kuma a ƙarshensa sanyi kan kai kusan digiri 80 ƙasa da sifili. Daga nan sai hawa na biyu, busasshe, inda iskar ozon take, wadda ke tare mafi cutarwar hasken rana.

A cikin hawa na farko akwai iskoki biyu masu ƙarfi da ke tasowa daga gabas a lokacin damina: ɗaya a nisan kilomita 3 zuwa 4, ɗaya kuma sama da kilomita 12. Ta ƙasan ce ke taimaka wa hadari ya haɗu ya zama dogon layi, ya nausa yamma da guguwa a gabansa. Irin wannan hadari ne ke kawo mafi yawan ruwan da ake samu a Sahel.

Jiragen da suka yi aikin

A watannin Janairu da Fabrairun 2006, jirgin binciken Birtaniya samfurin BAe-146 ya yi sansani a Yamai, yana auna ƙurar hunturu da hayaƙin ƙonar daji. Da damina ta kankama ya dawo, ya haɗu da jiragen Faransa biyu, ATR-42 da Falcon 20. Waɗannan jirage ɗakunan gwaji ne masu fukafukai: suna zuƙar iska ta wasu bututu, su auna ɗumi da laima da ƙura, su kuma jefo ƙananan na'urori masu lema da ke aiko da bayani har su sauka ƙasa.

A watan Agusta, jirgin Rasha M-55 Geophysica ya riƙa tashi daga Wagadugu. Matuƙi ɗaya ke jan sa, kuma yana haura kimanin kilomita 20, kusan ninki biyu na nisan da jirgin fasinja ke tashi. Ita kuwa hukumar NASA ta Amurka, ta ajiye jirginta DC-8 a tsibirin Sal na ƙasar Kef Bad, domin tarar hadarin da ya ƙetare ƙasa ya faɗa teku.

Balan-balan daga Damagaram

Ƙasar Hausa ma ta karɓi baƙuncin aikin. Daga ƙarshen Agusta zuwa Satumban 2006, hukumar sararin samaniyar Faransa, CNES, da cibiyar NCAR ta Amurka sun saki manyan balan-balan daga Damagaram. Kowanne ya haura kusan kilomita 20, iska ta ja shi yamma har saman Tekun Atlantika, yana sakin na'urorin awo ɗaya bayan ɗaya. Abin da ake bibiya shi ne jerin guguwar iska da ke ratsa Sahel duk bayan kwana uku zuwa biyar, domin wasunsu ne ke rikiɗa su zama mahaukaciyar guguwar da ke afka wa gaɓar Amurka.

Abin da aka gano

Awon da aka yi da balan-balan a Yamai ya nuna cewa hadari mai ƙarfi kan huda rufin hawa na farko, ya watsa ƙwayoyin ƙanƙara a hawa na biyu. Jiragen da suka bi ƙasa-ƙasa kuma sun nuna cewa wurin da ya jiƙe jiya yana sanyaya iskar da ke bisansa, har bambancinsa da busasshiyar ƙasar da ke kusa ya haifar da wata iska. Nazarin da masani Chris Taylor ya jagoranta daga baya ya tabbatar da cewa sabon hadari ya fi haɗuwa a irin wannan iyaka. A 2017 shi da abokan aikinsa sun wallafa a mujallar Nature cewa hadari mafiya tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982.

Shirin ya kuma farfaɗo da tashoshin sakin balan-balan, ya buɗe sababbi, ciki har da ta Abuja.

Ina ruwan Zamfara?

Talata Mafara da Bakura da Maradun suna tsakanin Damagaram da Yamai ne, a kan hanyar da hadari ke bi daga gabas zuwa yamma. Ruwan da yake zubarwa shi ke cika Madatsar Ruwa ta Bakolori da aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, wadda noman rani a waɗannan ƙananan hukumomi ya dogara da ita. Idan damina ta koma zuwa da ruwa mai yawa cikin sa'o'i kaɗan, lissafin mai shuka gero da mai kula da ƙofofin dam da mai ajiye shinkafa a sito duk sai ya canja.

Shi ya sa hasashen da Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, ke fitarwa kowace shekara yake da nauyi. Ingancinsa ya rataya ne a kan awon iskar sama da ake yi kullum. Jiragen 2006 sun yi 'yan makonni suka koma gida; ci gaba da awon kuwa, aikin ƙasashen yankin ne.