Hotunan Tauraron Ɗan'adam da Lafiyar Amfanin Gona a Arewacin Kamaru: Tsakanin na Kyauta da na Saye

Tsakure

Maƙalar ta auna dacewar hotunan tauraron ɗan'adam, na kyauta da waɗanda ake biya wa kuɗi duk shekara, wajen sa ido kan lafiyar amfanin gona a kewayen Garwa. An gwada ƙarfin kowane tauraro da girman gonakin yankin da kuma kalandar nomansa. Abin da ya fito shi ne hoton saye yana magance ƙanƙantar gona amma ba ya magance girgije, kuma amfaninsa ya rataya ga malamin gonar da zai taka ya duba.

1. Yanayin noma a yankin

Garwa, babban birnin yankin Arewa, tana bakin kogin Binuwai. Ruwan samanta yakan kai wajen milimita 1,000 a shekara, daga watan Mayu zuwa Oktoba, kuma a Agusta ya fi ƙarfi. Auduga ce kan gaba wajen kawo kuɗi, sai masara da dawa da gyaɗa da wake. Kamfanin SODECOTON, wanda aka kafa a 1974 yake kuma da hedikwata a Garwa, shi ke ba ƙungiyoyin manoma iri da taki da maganin feshi bashi, ya cire kuɗinsa ranar awon auduga. 'Yan ƙungiya kan tsaya wa juna, don haka gonar mutum ɗaya in ta lalace, nauyin kan shafi maƙwabtansa. Wannan tsari ya sa sanin halin gona tun da wuri ya zama bukatar kowa.

Ma'aunin gona a nan shi ne kwata, wato rubu'in hekta, mai faɗin mita 50 da tsawon mita 50. Duk lissafin da zai biyo baya a kansa ya dogara.

2. Abin da tauraro yake gani

Lafiyayyen ganye yana shanye jan haske don haɗa abincinsa, ya mayar da yawancin wani haske da ke gaba da ja, wanda idon mutum ba ya gani. In ganye ya yi yaushi ko ya yi rawaya, tazarar da ke tsakanin hasken biyu sai ta ragu. Daga wannan tazara ake fitar da ma'aunin kore da aka sani da NDVI, wanda aka fara amfani da shi tun shekarun 1970. Adadinsa yana tsakanin -1 da +1: fako yana kusa da sifili, gonar da ta rufe tana can sama.

Landsat na Amurka ya fara aiki a 1972, an kuma buɗe hotunansa kyauta a 2008. Kowane ɗigo na hotonsa mita 30 ne, kuma kowane tauraronsa yana komowa wuri ɗaya bayan kwana 16. Sentinel-2 na Tarayyar Turai, wanda aka harba na farkonsa a 2015 da na biyu a 2017, yana da ɗigon mita 10, yana komowa bayan kwana 5, shi ma kyauta. Na saye kuwa akwai PlanetScope na kamfanin Planet, mai ɗigon wajen mita 3 kusan kullum, da Pléiades na Airbus mai santimita 50, wanda akan ba da oda ya ɗauki wurin da ake so. Akwai kuma kamfanonin da ke sayar da manhaja kawai, hotunan da ke cikinta na kyauta ne aka sarrafa. Mai saye ya cancanci a faɗa masa wannan a fili.

3. Girman gona da girman ɗigo

Kwata murabba'in mita 2,500 ce. A hoton Landsat ba ta cika ɗigo uku ba, don haka ba a iya raba ta da gonar maƙwabci. A Sentinel-2 ɗigo 25 ce, sai dai waɗanda ke gefe sun gauraye da iyaka da hanya da amfanin maƙwabci. In an cire su, tara ne suka rage a tsakiya, wannan ma in gonar ta zauna daidai da layin hoton. Itacen kaɗanya ko tsamiya guda mai faɗin inuwa yana iya lalata biyu daga cikin taran. Gawo ya fi sauƙi, tunda da damina yake zubar da ganye. A PlanetScope kwatar ta haura ɗigo 270, inda za a iya ganin kusurwar da ruwa ya kwanta ko layin da tsiro bai fito ba. A nan ne hoton saye yake da hujjarsa mafi ƙarfi.

Amma ɗigo ba ya sanin mai gona. Sai an zagaya kowace gona da na'urar GPS an rubuta iyakarta da abin da aka shuka, sannan hoto zai yi ma'ana. Da yake auduga tana karɓa-karɓa da hatsi, aikin na kowace damina ne, kuma shi ne ɓangaren da aka fi mantawa in ana lissafin kuɗi.

4. Girgije da kalandar damina

Ana shuka auduga daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuli. Sa taki da noman ciyawa da feshi duk suna faɗowa a Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin da hadari ya fi rufe sama. Sentinel-2 yana wucewa kamar sau shida a wata, amma wucewa ba ta nufin samun hoto mai tsabta. Tauraron da ke zuwa kullum ya fi samun damar tarar da sarari, iyakar fifikonsa ke nan a batun girgije. Shi ma ba ya huda girgije. Radar Sentinel-1, wadda ta fara aiki a 2014, tana hudawa dare da rana, kyauta kuma. Ba ta ganin launin ganye, sai dai tana nuna ruwan da ya kwanta, abin da ya dace da ambaliya irin ta 2012 da ta 2022, da kuma filayen shinkafa na kamfanin SEMRY a Yagwa da Maga da na ƙasan madatsar Lagdo.

5. Abin da ma'aunin kore ba ya faɗa

Ma'aunin yana nuna inda kore ya ragu, ba ya faɗin dalili. Ƙarancin taki da kwanciyar ruwa da ƙwaron jasid, wanda wani sabon nau'insa ya addabi audugar Afirka ta Yamma tun 2022, duk suna mai da ganye rawaya, alhali maganinsu daban-daban ne. Mafi muni shi ne kuskuren da ke kwantar da hankali. Gonar da ciyawa ta cinye tana fitowa kore shar, tamkar ta manomin kirki. Tsutsar da ke huda ƙwallon auduga tana cin amfanin ta bar ganye lafiya. Tsutsar masara da ta ɓulla a Afirka a 2016 tana fakewa cikin ƙoƙon shuka, kuma kafin ɓarnarta ta bayyana daga sama lokacin feshi mai amfani ya soma wucewa. Ƙuduji ma yana shan jinin dawa tun yana ƙarƙashin ƙasa.

Saboda haka aikin hoto shi ne tsara tafiyar malamin gona: cikin gonaki ɗari, waɗanne goma zai fara dubawa gobe da safe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da babur ɗaya da man da aka ƙayyade masa su ne dukan kayan aikinsa. Kuma manomin kwata biyu ba shi da dalilin biyan kuɗi don a nuna masa gonar da yake takawa kullum. Masu cin moriyar hoton saye su ne masu duba dubban gonaki a lokaci ɗaya: kamfanin auduga, da tarayyar manomanta, da cibiyar binciken noma ta IRAD mai tashoshi a Garwa da Marwa.

6. Masakwa

Akwai amfanin da hoton kyauta ya wadatar masa, wato masakwa, dawar rani da Fulani ke kira muskuwaari. Ana dasa ta bayan ɗaukewar ruwa a baƙar laka mai tsagewa da ake kira karal, a filayen Diamaré da kwarin Binuwai, a girbe ta wajen Janairu zuwa Fabrairu. Tana rayuwa ne da danshin da ƙasa ta riƙe. A lokacin sama ta washe, ciyayi sun bushe, filayenta kuma shimfiɗaɗɗu ne masu haɗe da juna, don haka korenta yana fita sarai a Sentinel-2. Abin kiyayewa biyu ne: hazon hunturu yana rage adadin ma'aunin ko da shuka lafiya take, sannan tazarar dashe tana barin ƙasa a buɗe, har launinta ya shiga lissafi. Don haka ya fi dacewa a gwada kowane karal da kansa a shekarun baya, a ranakun da hazo ya yi sauƙi.