Yadda aka koma ga ƙwayoyin bakteriya don wanke ruwan ƙarƙashin ƙasa

Jama'a, duk lokacin da na bi ta Sharada ko Bompai na ga 'yan garuwa a layin burtsatse, sai labarin garin Woburn ya faɗo mini a rai.

Woburn ƙaramin gari ne a jihar Masacuset ta Amurka. A 1979 hukuma ta rufe rijiyoyi 2 da ke ba garin ruwa, bayan an gano sinadarin TCE a ciki. Da shi masana'antu ke wanke maiƙo daga jikin ƙarfe, ɗan'uwansa PCE kuma da shi ake wankin kaya ba da ruwa ba. Kafin a farga, yara da dama a unguwar sun kamu da sankarar jini. A 1980 Amurka ta kafa dokar Superfund don gyara irin waɗannan wurare.

To, gyaran fa? Da farko zuƙo ruwan aka riƙa yi da famfo ana tacewa. Amma TCE ya fi ruwa nauyi, nutsewa yake yi can ƙasa ya maƙale, yana sakin guba kaɗan-kaɗan. Sai a shekara da shekaru ana kashe kuɗi, da an tsayar da famfo gubar ta dawo.

A 1997 masana a Jami'ar Cornell suka ware wata ƙwayar bakteriya, Dehalococcoides. Ikon Allah, ita da wannan gubar take numfashi, kamar yadda muke yi da iska. Tana cire kulorin ɗaya bayan ɗaya har ya zama iskar etin, wadda ba ta da wannan illar. Sai aka fara ɗura man girki ko ragowar ruwan rake ta rijiyoyi. Wasu ƙwayoyin su ci, su fitar da haidurojin, ita kuma ta samu abincinta.

Akwai tarko fa. In babu wannan ƙwayar a wurin, aikin kan tsaya rabin hanya, wani lokacin a kan binil kuloraid, wanda ya fi TCE haɗari. A sansanin sojan sama na Dover, a ƙarshen shekarun 1990, aikin ya cije, sai da aka kawo ƙwayoyin daga Fulorida aka zuba sannan ya kammala.

A Disambar 2024 hukumar kare muhallin Amurka ta sanar da haramta TCE, shekara 45 bayan rufe rijiyoyin Woburn.

Abin da ke damuna shi ne, ruwa na iya fitowa garau, ba wari ba launi, alhali akwai guba a ciki. Duk mai burtsatse kusa da masana'anta, don Allah ya kai ruwansa ɗakin gwaji, ya ce a duba sinadaran masana'antu, ba ƙwayoyin cuta kaɗai ba. Allah ya kare mu da iyalanmu.