Yadda Saƙon Tes Ya Shiga Yaƙi Da Taba Sigari

A 'yan shekarun nan, duk lokacin da 31 ga Mayu ta zagayo, wato ranar yaƙi da shan taba ta duniya, hirar masana sai ta koma kan sababbin manhajoji da mutum-mutumin kwamfuta mai ba mashayi shawara. Saƙon tes kuwa ana yi masa kallon tsohon yayi, abin da ya rage wa bankuna da kamfanonin waya. Ni ban yarda da wannan raini ba, kuma tarihin abin ne ya hana ni yarda.

Tun 1950 masanan Ingila Richard Doll da Bradford Hill suka nuna alaƙar sigari da sankarar huhu, a 1964 kuma babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahotonsa da ya girgiza kamfanonin taba. Sanin illa bai taɓa wadatar da mashayi ba. Aka yi ta lalube: wa'azin likita, cingam mai sinadarin nikotin da aka ƙirƙiro a Suwidin, sai layukan tarho na ba da shawara, irin wanda jihar Kalifoniya ta buɗe a 1992. A watan Disambar wannan shekarar ce wani injiniya, Neil Papworth, ya aika saƙon tes na farko a duniya, gaisuwar Kirsimeti, kuma ba wanda ya kawo taba a ransa.

A Niyu Zilan aka fara haɗa biyun da gaske. Masu bincike na Jami'ar Auckland, ƙarƙashin Anthony Rodgers, suka tara mashaya 1,705 masu son dainawa, suka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kowa a rukunin farko ya tsayar da ranar da zai yar da karan ƙarshe. Daga nan saƙonni suka riƙa shigo masa, biyar a rana a makonnin farko: shawara, ƙarfafa gwiwa, wani lokacin ma labarin wasanni don ɗauke hankali. An ba su wata guda na tes kyauta, an haɗa su da abokan tafiya, 'yan asalin ƙasar, Maori, kuma an tanadar musu saƙonni da harshensu. Sakamakon ya fito a 2005: bayan mako shida, kashi 28 cikin ɗari na masu karɓar saƙo sun ce sun daina, a ɗaya rukunin kuwa kashi 13.

Sun ce. Nan gizo yake saƙa, domin mashayi ya iya ba likita amsar da likita yake so. Bayan wata shida ma alƙaluman sun dagule, mutane da yawa sun ɓace wa masu binciken. Duk da haka ƙasar ta mai da abin hidimar jama'a a 2008.

Wadda ta toshe wannan kafa ita ce Caroline Free ta makarantar nazarin lafiya da cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Landan. Bincikenta, mai suna txt2stop, ya ɗauki mutum 5,800, mujallar Lancet ta buga shi a 2011. Saƙo biyar a rana na mako biyar, sannan uku a mako na wasu mako 26. In kwaɗayin taba ya taso wa mutum, sai ya tura kalma ɗaya, nan take amsa ta zo. In ya zame ya zuƙa, akwai wata kalmar, sai a lallashe shi ya ci gaba maimakon ya ce ai an riga an ɓata. Wanda ya ce ya daina kuwa ba a ɗauki maganarsa haka nan ba, sai an gwada yawunsa ko numfashinsa. Bayan wata shida, kashi 10.7 sun daina, a rukunin da ba a taimaka wa ba kashi 4.9. Tara cikin goma sun koma, gaskiya ne. Amma wanda ya san yadda sigari take riƙe mutum ya san ninka adadi da abin da bai kai kuɗin kwali ɗaya a rana ba babban abu ne.

To me ya sa yake aiki? Wasu sun ce don matasa na son waya ne. Binciken Landan bai goyi bayansu ba, domin manya da matasa duk sun amfana. Wasu sun ce yatsu ne suka samu abin yi, hannun da ke danna waya ba ya ƙyasta ashana. Akwai ƙamshin gaskiya, amma da haka ne da duk mai lilo a Facebook ya daina. Wasu kuma sun ce jin cewa wani ya damu da kai ne. Sai dai ɗaya rukunin ma ana tura musu saƙon godiya duk mako biyu, bai kai su ko'ina ba.

A ganina sirrin yana ga lokaci. Kwaɗayin taba yakan taso ne kamar guguwa, bayan cin abinci, ko a majalisa, ko da ɓacin rai, ya yi 'yan mintuna ya lafa. Likita yana asibiti, ganinsa sai mako mai zuwa. Layin tarho sai ka kira, ka buɗe baki ka yi bayani, wataƙila a gaban wanda kake ɓoye wa. Waya kuwa aljihu ɗaya take kwana da kwalin sigari, kuma tes ba ya jiran a neme shi. Manhaja sai ka tuna ka buɗe ta, kuma mai ƙishin taba ba abin da yake tunawa ke nan ba.

Daga nan abin ya bazu da sauri. Cibiyar nazarin sankara ta Amurka ta fito da SmokefreeTXT a 2011. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar sadarwa ta duniya suka ƙulla shirin kai irin wannan ga ƙasashe masu tasowa, har ya isa Tunisiya da Burkina Faso. A ƙasar Sin, binciken da aka buga a 2018 ya samu wajen kashi 6 sun daina, a rukunin da ba a taimaka wa ba ƙasa da kashi 2.

Indiya ce ta fi burge ni. Da ta buɗe nata shirin a Janairun 2016, ba ta ce a cike takarda ko a sayi data ba. Filashin kawai mutum zai yi wa wata lamba, kiran ya katse, saƙonni su fara shigowa. Fiye da mutum miliyan biyu suka yi rajista. Rajista ba dainawa ba ce, kuma tes ba ya amfanar wanda bai iya karatu ba, matsalar da mu ma za ta same mu. Amma filashin ai sana'armu ce tun zuwan wayar GSM Nijeriya a 2001, kuma ƙaramar wayar da mai shayi yake cajinta a gefen tukunya tana karɓar tes kamar kowace.