Wuraren shaƙatawa da wasan yara a Abuja: Jagora ga mazauna gefen birni

Mafi yawan ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwar da ke neman abinci a Abuja ba a cikin ƙwaryar birnin suke kwana ba. Suna zaune ne a Kubwa, Dutse Alhaji, Lugbe, Kuje, Gwagwalada, Nyanya da Karu, wasu ma a Mararaba da Masaka ta Jihar Nasarawa, ko Suleja da Madalla ta Jihar Neja. Amma manyan wuraren shaƙatawa kusan duk a tsakiyar birni aka gina su. Saboda haka magidancin da ke son fita da 'ya'yansa ranar hutu sai ya yi lissafin nisa da kuɗin mota da lafiyar yara kafin ya bar gida. Wannan jagora ta tattaro wuraren da aka fi sani, da hanyar da ta fi kusa da kowanne, da abubuwan da ya kamata iyaye su duba.

Asalin tsarin

An kafa Babban Birnin Tarayya ne da Doka ta 6 ta shekarar 1976, a zamanin Janar Murtala Muhammed, sannan gwamnati ta tare a hukumance ranar 12 ga Disamba, 1991. Taswirar asali ta birnin, wadda aka kammala a 1979, ta keɓe fili mai yawa domin lambuna da bakin rafuka da gindin duwatsu, da nufin kowace unguwa ta samu wurin shan iska. An fi bin wannan tsari a gundumomin farko, wato Maitama, Asokoro, Wuse da Garki. Garuruwan gefe kuwa sun cika da jama'a cikin gaggawa, gini ya riga tsari, har ya zama da wuya a samu filin da aka bar wa yara.

Kula da lambunan birni yana hannun Sashen Lambuna da Wuraren Shaƙatawa na Hukumar Birnin Tarayya. Sashen yakan ba 'yan kasuwa hayar filayen su gyara su kuma su gudanar da su. Daga nan ne aka samu bambancin da ya kamata baƙo ya sani: a bakin mutanen Abuja, kalmar "gadin" sau da yawa tana nufin wurin gasa kifi da sayar da barasa da kallon ƙwallo da dare. Filin yana da suna lambu a takarda, amma ba wurin kai yara ba ne.

Haƙƙin yaro ne

Sashe na 12 na Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ke aiki kai tsaye a Birnin Tarayya, ya tabbatar wa kowane yaro 'yancin hutu da wasa daidai da shekarunsa. Haka ma Sashe na 31 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki a kullum, mai shekara 3 zuwa 4 kuma minti 180. Yaron da ke zaune a ɗaki ciki da falo, wanda ƙofar gidansu ke kallon titi, ba zai cika wannan ba sai iyaye sun nema masa wuri.

Masu shigowa ta hanyar Kubwa

Mazauna Kubwa, Dutse Alhaji, Dei-Dei, Dawaki da Gwarinpa sun fi kusa da wurare biyu.

Na farko shi ne Tafkin Jabi. Tafki ne da aka samar ta hanyar datse ruwa, kuma shi ya fara shayar da birnin kafin Madatsar Ruwa ta Usuma ta karɓi aikin. A bakinsa akwai fili mai ciyawa da bishiyoyi inda jama'a ke motsa jiki da safe, musamman ranar Asabar, ana kuma hawa kwale-kwale da doki a biya. A ɗaya gefen akwai babban kantin Jabi Lake Mall da aka buɗe a 2015, inda ake samun abinci da ban-ɗaki. Wurin ya dace da yaran da suka yi wayo. Mai ƙananan yara ya shimfiɗa tabarmarsa nesa da bakin ruwa.

Na biyu shi ne Millennium Park da ke Maitama, kusa da otal ɗin Transcorp Hilton. Shi ne lambun jama'a mafi girma a Abuja, faɗinsa ya kai kimanin hekta 32. Masanin zanen gine-gine ɗan ƙasar Italiya, Manfredi Nicoletti, ne ya tsara shi, kuma Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe shi ranar 4 ga Disamba, 2003, lokacin taron ƙasashen rainon Ingila a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo. Rafi ya raba shi biyu: ɓangare guda an bar shi da bishiyoyi da tsirrai kamar daji, ɗayan kuma an shirya shi da doguwar hanyar tafiya da maɓuɓɓugan ruwa. Amfaninsa ga mai iyali da yawa shi ne faɗin fili da inuwa, kuma mutum na iya zuwa da abincinsa daga gida. A ranakun Sallah da Kirsimeti yakan cika maƙil, don haka a riƙe hannun ƙanana.

Masu shigowa ta hanyar filin jirgi

Daga Lugbe, Kuje, Gwagwalada da rukunin gidajen da ke kan Titin Umaru Musa 'Yar'aduwa, wuri mafi kusa shi ne Magicland, wanda aka fi sani da tsohon sunansa Wonderland. An buɗe shi a 2007 a yankin Kukwaba, dab da Ƙofar Birni, kusa da Filin Wasa na Ƙasa na Moshood Abiola. Wuri ne na lilo da motocin wasa da jiragen yara masu aiki da lantarki. A irin waɗannan wurare akan biya kuɗin shiga daban, kuɗin hawa kowane abin wasa daban, kuma na biyun ne ke cinye aljihu. Ya fi kyau uba ya yanke wa kowane yaro adadin abin da zai hau tun daga gida, don kada a yi rigima a gaban mai sayar da tikiti.

Jirgin ƙasa na cikin birni, wanda aka ƙaddamar a 2018 aka kuma dawo da shi aiki a watan Mayun 2024, yana da tashoshi a Filin Wasa da Kukwaba. Wani reshensa ya tashi daga Idu ya bi ta Gwagwa da Dei-Dei da Kagini zuwa Gbazango a Kubwa. Ga yaro, hawan jirgin kansa wani yawon buɗe ido ne. A tabbatar da jadawalin ranar kafin a fita.

Masu shigowa ta hanyar Keffi

Mazauna Nyanya, Karu, Jikwoyi, Kurudu, Mararaba da Masaka suna shigowa ne ta Kugbo zuwa shataletalen AYA a Asokoro. A wannan yanki ne Wurin Wasan Yara da Gidan Namun Daji na Ƙasa yake, a gindin Dutsen Aso. Akwai filin wasa da lilo, da dabbobi irin su jimina da raƙumi da birai da kunkuru, ga sarari na zama a ci abinci. Ya fi dacewa da 'yan firamare, kuma makarantu sukan kai ɗalibai can. Wannan hanya ta yi suna wajen cunkoso da safe da kuma yamma a ranakun aiki, saboda haka Asabar ko Lahadi da hantsi ne lokacin da ya fi sauƙi.

Wuraren da ke wajen birni

Dutsen Zuma, wanda hotonsa ke jikin takardar Naira 100, yana kan hanyar Kaduna kusa da Madalla a Jihar Neja, kuma mazauna Suleja da Zuba suna iya kai yara su gan shi ba tare da wata wahala ba. Ƙauyen Ushafa a Ƙaramar Hukumar Bwari ya shahara da cibiyar ginin tukwane, wadda Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a watan Agustan 2000. Yara na ganin yadda mata ke sarrafa yumɓu da hannu.

Akwai kuma wuraren da suka yi farin jini a shafukan sada zumunta amma ba su dace da ƙananan yara ba. Madatsar Usuma wurin tara ruwan sha ne na birni, ba a yi ta domin wanka ko wasa ba. Tsohon ramin fasa dutse na Mpape, wanda matasa suka riƙa tururuwa zuwa ɗaukar hoto tun 2020, ruwa ne mai zurfi a ƙarƙashin gangaren dutse. Magangarar ruwa ta Gurara a Jihar Neja tana da kyan gani, sai dai da damina ruwan yana da ƙarfi, duwatsun kuma suna da santsi. Duk tafiyar da za ta fitar da iyali wajen gari, a tambayi mutanen yankin halin tsaro, a kuma dawo da sauran rana.

Abin da za a duba kafin a saki yaro

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Hoton da ke intanet yana iya zama na shekarun baya, don haka idan da hali, babba ya fara leƙa wurin shi kaɗai. Ga abubuwan lura:

Ƙasan abin wasa. Faɗuwa ce ke jawo mafi yawan raunin da yara ke samu a filin wasa. Ƙarƙashin lilo da abin hawa ya kasance yashi mai kauri, kimanin santimita 30, ko shimfiɗar roba. Siminti da tsakuwar kwalta da busasshiyar ƙasa ba sa rage zafin faɗuwa.

Lafiyar ƙarfe. A duba tsatsa, da kusoshin da suka fito, da sarƙar lilo da ta cinye. Tazarar da ke tsakanin sanduna idan ta faɗa tsakanin santimita 9 da 23 tana iya barin jikin yaro ya wuce, kansa ya maƙale.

Zafi. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ƙarfen abin zamewa yana iya ƙona fatar yaro da tsakar rana. Babba ya taɓa da tafin hannu tukuna.

Tufafi. Dogon hijabi da gyale da igiyar wuyan riga suna iya sarƙewa a injin da ke juyawa. A ɗaure su ko a cusa su cikin riga kafin yarinya ta hau.

Masu kula da inji. A lura ko suna ɗaura wa yara bel, suna kuma bin ƙa'idar tsawo da shekaru. Inda aka ga ana cusa yara fiye da kujeru, a haƙura.

Ruwa. Kada yaro ya shiga kwale-kwale sai da rigar kariya daga nutsewa wadda ta yi masa daidai. A wurin ninƙaya, idon uwa ko uba ya fi na ma'aikaci, domin yaro na iya nutsewa shiru ba tare da ihu ba.

Katanga da ƙofa. Filin da ke da shinge da ƙofa ɗaya, nesa da inda motoci ke juyawa, ya fi sauƙin tsaro.

Ban-ɗaki da wurin sallah. A tambaya tun a bakin ƙofa. Buta da dadduma a bayan mota suna raba gardama.

Lokaci da guzuri

Damina a Abuja takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma ruwa ya fi sauka da yamma ko da dare, saboda haka fitar safe ta fi tabbas. A watannin hunturu, Disamba da Janairu, yaro mai asma ya tafi da maganinsa saboda ƙura. A ɗauki ruwan sha isasshe da tabarma da abinci, bayan an tabbatar wurin yana barin a shiga da abincin waje. Farashin tikiti yakan tashi a lokacin bukukuwa, don haka a kira a ji kafin a tara yara a mota.

An hana acaɓa aiki a tsakiyar birni tun 2006, Keke Napep ma iyakarsa wasu unguwanni. Wanda ba shi da mota ya shirya yadda zai dawo tun kafin magariba, ya hau mota a tasha ko ya kira ta manhaja, saboda 'yan fashin da ake kira wan-cans waɗanda ke ɗaukar fasinja a bakin titi. A rubuta lambar wayar uba a takarda a sa a aljihun ƙaramin yaro, a kuma nuna wa manyan inda za a haɗu idan an rabu. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Filin da ke cikin unguwa

Zuwa Maitama ko Jabi abu ne na sau ɗaya a wata ko a Sallah, alhali yaro kullum yake buƙatar wasa. Don haka wurin da ya fi amfani shi ne wanda za a iya zuwa da ƙafa. Rukunin gidaje da dama a Gwarinpa, Lokogoma, Lugbe da Kubwa suna da filin da aka ware wa yara a taswirarsu, sai dai wasu an mayar da su shaguna ko wurin ajiye motoci ko an yanka su fuloti. Mai shirin kama haya ko sayen gida yana da damar neman ganin taswirar rukunin, ya tambayi ina filin wasa yake, ya kuma je ya gani da idonsa.

Inda filin yake amma ya zama juji, ƙungiyar mazauna unguwa na iya share shi, ta zuba yashi, ta dasa bishiyoyin inuwa irin su darbejiya da mangwaro, ta kewaye shi da shinge. Filin da yara ke wasa a cikinsa kullum ya fi wuyar ƙwacewa fiye da wanda ciyawa ta rufe. Inda kuma aka ga an fara zuba bulo a filin da aka san na jama'a ne, ana kai ƙorafi a rubuce ga Sashen Kula da Tsarin Gine-gine na Hukumar Birnin Tarayya da kuma Sashen Lambuna, tare da hotuna da sa hannun mazauna, a riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Mazauna Mararaba da Masaka za su kai nasu ga hukumar tsara birane ta Jihar Nasarawa, na Suleja da Madalla kuma ga ta Jihar Neja. A unguwannin da babu fili ko kaɗan, shugabannin unguwa na iya neman izinin hukumar makarantar firamare ta gwamnati da ke kusa domin yara su yi amfani da filinta da yamma da kuma ƙarshen mako, bisa sharaɗin manya biyu ko uku su riƙa zama tare da su bi da bi.