Ladubban Mu'amala Tsakanin Marubuci Da Dillalin Adabi

Dillalin adabi shi ne mutumin da ke shiga tsakanin marubuci da kamfanin ɗab'i, ya nemo wa littafi mai saye, ya daidaita yarjejeniya, sannan ya karɓi la'ada. A Ingila da Amurka la'adar kan kasance kashi 15 cikin ɗari na abin da marubucin ya samu, kuma ba ta shiga hannunsa sai ciniki ya faɗa.

A ƙasar Hausa wannan sana'a ba ta kafu ba. Tun daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, editoci da alƙalan gasa ne ke tsayawa a matsayin dillali. Kyakkyawar hulɗar da ta ƙullu tsakanin East da Imam ta kai ga rubuta Magana Jari Ce, da kuma naɗa Imam editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Daga baya, marubutan adabin kasuwar Kano suka koma buga littattafansu da kuɗinsu, suna miƙa wa 'yan kasuwa.

Yau intanet ta rage nisa. Malamin makaranta da ke Kunci, a arewacin Jihar Kano, zai iya tura rubutunsa zuwa Zariya, Abuja ko Landan daga wayarsa. Amma samun karɓuwa ya danganta da yadda ya gabatar da kansa.

Wasiƙar farko

Ana so ta kasance gajeriya, shafi ɗaya: gaisuwa da sunan wanda aka rubuta wa, sunan littafin, nau'insa, yawan kalmominsa, taƙaitaccen labarin, sai ɗan bayani kan marubucin. Ba a tura dukan littafin sai an nema. Kirari, roƙo da kawo sunan wani babba don neman alfarma ba sa ƙara wa rubutu daraja.

Jiran amsa

Amsa takan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Idan wa'adin da aka faɗa ya wuce, tuni guda cikin ladabi ya wadatar. Kiran waya da dare ko yawan saƙonni kan gundurar da mai karatu. In wani ya riga ya karɓi littafin, ya kamata a sanar da sauran waɗanda aka tura wa.

Idan an ƙi

Ƙin karɓa ba cin mutunci ba ne. Godiya a taƙaice ta fi jayayya, domin editan da ya ƙi littafin farko yana iya karɓar na biyu.

Haƙƙin marubuci

Ladabin ya hau kan ɓangarorin biyu. Wajibi ne dillali ko edita ya bayyana sharuɗɗansa, ya riƙe rubutun amana, ya kuma rubuta yarjejeniya. Duk wanda ya nemi kuɗi kafin ya karanta ko ya sayar da littafi, to marubuci ya yi hattara da shi.