Macijin Kusugu da Fasahar Siffanta Dodanni a Daura

Tun kafin ɗaliban zane su fara koyon ƙaga halittun da ido bai taɓa gani ba, masu ba da labari a ƙasar Daura sun daɗe da gane cewa dodo ba ya shiga zuciyar mai sauraro sai an jingina shi da abin da mutane suka sani. Macijin rijiyar Kusugu, wanda ake kira Sarki, shi ne babbar shaida, domin labarin Bayajidda bai tsaya kan tsawonsa ko launin fatarsa ba, sai kan ɗabi'arsa, wato ya hana mutanen Magajiya Daurama ɗiban ruwa in ba ranar Juma'a ba. Duk wanda ya taɓa zura guga a rijiya mai zurfi da rani, yana sauraron ƙarar faɗawarsa cikin duhu, ya san tsoron da ake nufi. Haka Dodon tatsuniya yake, mai gashi buzu-buzu mai haɗiye mutane, amma yana shakkar karnuka, kuma wannan raunin ne ya ba shi rai. Wani mai suna Frank Edgar ya fara buga irin waɗannan tatsuniyoyi a 1911, rijiyar Kusugu kuwa har yau tana nan cikin birnin Daura ana ziyartarta.