Daga Gayya Zuwa Ofis: Wa Ke Riƙe da Samarinmu?

Da aka ce mu 'yan ajin yaƙi da jahilci mu rubuta wani abu don wanga biki na ƙungiyarmu, sai muka je wajen tsofaffinmu da tambaya biyu: a da, wa ke kula da samari, wa ke kula da mabuƙata? Suka ce ai aiki guda ne.

A Argungu da Birnin Kebbi da ƙauyukan fadamar Rima, akwai Sarkin Samari, 'yan mata ma da tasu shugabar. Aikinsu bai tsaya ga wasan dandali ba. In damina ta faɗi tsoho ya kasa noma gonarsa, ko mace mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, sai a kira gayya. Makaɗi na kiɗa, samari na noma, mata na kai fura da tuwo. Su ke share maƙabarta, su yashe rijiya, su ɗora jinkar da iska ta kwashe. Yaro ya koyi aiki da ladabi, mabuƙaci ya samu agaji, ba wanda ya cika takarda.

Da zamani ya juyo, sai aikin ya sa kayan sarki. Aka kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962, daga baya muka fara ganin 'yan agaji a masallacin Idi da asibiti. A 1973 Janar Yakubu Gowon ya kafa bautar ƙasa, ga sansanin jiharmu can Dakingari. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa tsohon sunan suka riƙe. Bayan Seyni Kountché ya hau mulki a 1974 ya raya Samariya, matasa suka riƙa gina azuzuwa da tsabtace gari. Mu mata namu rabon ya zo a 1987, da Maryam Babangida ta kawo shirin kyautata rayuwar matan karkara, ƙungiyoyin gama kai suka yawaita.

Lokacin da aka ƙirƙiro jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991, aikin ya riga ya rabu gida biyu. Matasa an haɗa su da wasanni, marayu da zawarawa da masu lalura an kai su ga jin daɗin jama'a. Ba mu raina ofis ba, yana da amfaninsa. Amma yaron da ba shi da aikin yi, da gyatumar da ba ta da mai ɗebo mata ruwa, unguwarsu ɗaya, wani lokaci ma gidansu ɗaya.

Mu da muke kasuwa muna gani. Yaro ya gama sakandare, ya wuni bakin tasha, wani ya tafi ci-rani, wani ya faɗa shaye-shaye. To amma ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa ta tuna mana wani abu. Samarin da muke kallo suna tseren kwalekwale lokacin bikin kamun kifi, irinsu ne suka shiga ruwa suna fitar da tsofaffi da yara, ba wanda ya biya su. Ashe gayya ba ta mutu ba, mai kira ta rasa.

Shi ya sa muke kawo shawara ga taron bana. Kowace mamba ta ɗauki yaro ɗaya ko yarinya, ba lallai ɗanta ba, ta koya masa gyaran shinkafa, ko bandar kifi, ko ɗinki, ko lissafin ciniki. In ya iya, a ranta masa jari daga adashinmu. Sharaɗi guda: sau ɗaya a wata su haɗu su yi wa wani marar ƙarfi aiki a unguwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya shirya mana ɗiyanmu, ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka. Amin.